Sanyi Daban, Iska Daban



Yau da mutanen ofis nake son yin magana: akawu da sakatariya, masinja da mai shara, ma'aikacin banki, har da shi kansa mai gida da ke zaune a ɗakin can ƙurya mai kafet da labule. Wanda ba ya aikin ofis ma ya ba ni aron kunnensa, domin da wuya ya rasa wani nasa da ke sammako ya shiga irin ginin da zan yi bayani a kai, ya wuni a ciki, ya dawo gida dafe da kai.

Bahaushe in ɗaki ya ishe shi sai ya ce, bari in fita in sha iska. Shan ta ake yi, kamar ruwa. Masana sun auna, sun ce babban mutum yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kwana ɗaya. Da a jarka ake zuba ta, irin mai cin lita 25 ta 'yan ga-ruwa, jarka 400 ke nan. Ruwan da za ka sha a yini bai wuce lita biyu ko uku ba, amma dubi yadda muke kaffa-kaffa da shi: a tace, a tafasa, a sayi na leda, a juya ledar a duba lambar hukuma. Iska kuwa, da muke sha ninkin ba ninkin, babu mai tambayar daga ina ta fito, ko wa ya riga shi shaƙar ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a gidanmu ya faru. Ina da ƙanwa da ke aikin lissafin kuɗi a wata ma'aikata. Bara waccan ta shiga wani hali: kullum da an yi azahar sai kai ya fara sara mata, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi, maƙogwaro ya bushe, ga wata kasala da ko lambobin da ke gabanta a kwamfuta sai ta karanta sau uku kafin su shiga. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har karo uku. Aka ce taifot ne, ta sha na taifot. Aka sauya mata tabarau. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka fara raɗe-raɗi a dangi cewa ai ba a daɗe da yi mata ƙarin girma ba, a bincika ko da sa hannu. Hankalin Innarmu ya tashi, ta shiga neman addu'a ko'ina. Ban ga laifinta ba. Uwa ce, kuma asibiti sun ce ba su ga komai ba.

Wata Lahadi na je duba ta, na tarar da ita garau, tana wanki tana raha da yara. Na ce, "Ke da aka ce ba ki da lafiya?" Ta ce, "Wallahi Yaya, abin da ke ɗaure mini kai ke nan. Asabar da Lahadi lafiyata ƙalau. Da na yi hutun shekara ma ko ƙwaya ɗaya ban sha ba. Amma in na koma aiki, ba na kai Talata." Na ce, "Ku nawa ne a ofishin?" Ta ce su bakwai ne. Na ce, "Taga nawa?" Ta yi jim, sannan ta ce, "Babu. Babban zaure ne aka yayyanka da katako, mu muka sami na tsakiya. Amma fa Yaya akwai esi, sanyi kamar cikin firji." Na ce gobe in ta je ta tambayi sauran. Da ta tambaya, ashe biyar cikin bakwai ɗin abu ɗaya ke damunsu. Kowa yana shan maganinsa a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Ciwon da ya san Asabar da Lahadi, ya san hutun Sallah, ya san hutun shekara, a jikin gini ya kamata a fara neman sa.

Ba a kanmu aka fara ba. A 1973 ƙasashen Larabawa suka rage wa Yammacin duniya man fetur, makamashi ya yi tsada. Sai masu gine-gine a Amurka da Turai suka shiga toshe kowace kafa don kada ɗumi ko sanyin da aka kashe wa kuɗi ya zurare. A Amurka har ma'aunin sabuwar iskar da ake shigar wa kowane mutum aka rage, ya koma kashi ɗaya cikin uku na yadda yake a da. An yi tsimin wuta, amma ba a jima ba ma'aikata suka fara kukan da ƙanwata ta yi, kalma da kalma. Likitoci suka rasa sunan da za su ba abin, sai suka laƙaba wa ginin kansa rashin lafiyar, suka ce gini ne ke ciwo. A 1984 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima, har kashi 30 cikin ɗari na iya zama masu irin wannan matsala. Zuwa 1989 Amurkawa suka mayar da ma'aunin nan sama. Su sun yi kuskuren sun gyara. Mu kuma yanzu muke tsakiyar yin sa, ba don mun toshe ɗaki gudun sanyi ba, sai don gudun zafi da ƙura.

A nan nake son a tsaya a saurare ni da kyau, domin nan ne gizo ke saƙar. Na'urar sanyaya ɗakin nan da ta cika ofisoshinmu, mai rabi a manne da bango a ciki, rabi a waje, ba ta shigo da iska daga waje ko cikin cokali. Ku tambayi duk mai gyaran esi zai gaya muku. Abin da ya haɗa na ciki da na waje siraran bututai ne na gas, da waya, da tiyon da ruwa ke ɗiga. Aikinta ta zuƙi iskar da ke ɗakin, ta sanyaya ta, ta dawo muku da ita. Tsohuwar esi ta taga ma, da yawa daga cikinta akwai wata 'yar kafa da ake buɗewa iskar waje ta ɗan shigo. Wannan ta zamani ko ita babu. Saboda haka in ku bakwai ne a ɗaki, ƙofa a rufe, ba taga, to numfashin junanku kuke yi wa zagaye tun daga ƙarfe takwas har ƙarfe huɗu. Misalinsa kamar a kawo kwanon ruwan da mutum bakwai suka kuskure baki a ciki, a jefa masa ƙanƙara, a miƙo maka. Sanyi dai ya yi sanyi. Amma wa zai sha?

Abin da ke ruɗar mu shi ne fata ce ke ba da shaida, ba huhu ba. Ka fito daga rana mai narka kwalta, ka shiga ɗaki mai sanyi, jiki ya ce alhamdu lillahi, shi ke nan ka yanke hukuncin cewa iskar wurin mai kyau ce. Hanci ma da zai yi gargaɗi, minti kaɗan yake yi ya saba da duk warin da ya tarar. Shi ya sa baƙon da ya shigo ofishinku yake yamutsa fuska, ku kuma ba ku jin komai.

Me ke taruwa a irin wannan ɗaki? Na farko, iskar da mu kanmu muke fitarwa, wadda ake kira kabon dayoksaid. A sarari, ƙarƙashin bishiya, tana wajen kashi 420 cikin miliyan. A numfashin da ke fita daga bakin mutum kuwa, ta kusa ninka hakan sau ɗari. Tun a 1858 wani masanin tsafta a birnin Munik na Jamus, Max von Pettenkofer, ya ce in ta haura kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki, to alama ce iskar wurin ta tsufa, tana bukatar canji. Har yau da ma'auninsa ake aiki a ƙasashe da dama. Ɗakin taro mai cike da mutane, a rufe ruf, ba ya ɗaukar dogon lokaci ya wuce nan, ya ninka. Duk wanda ya taɓa zama taron awa uku a irin wannan ɗaki ya san yadda ake fara hamma ɗaya bayan ɗaya, ana ɗora laifin a kan tuwon rana.

A 2015 wasu masu bincike na Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Joseph Allen, suka ɗauki ma'aikata 24 suka sa su yin aikinsu na yau da kullum har kwana shida a wasu ofisoshi na gwaji a garin Sirakus na Jihar New York. Kullum ana sauya yanayin iskar ba tare da sun sani ba, da yamma a yi musu jarrabawar tsara aiki da yanke shawara. A ranakun da aka rage sinadaran da ke tashi daga kayan ofis, makinsu ya ƙaru da kashi 61 cikin ɗari. A ranakun da aka haɗa da ƙarin sabuwar iska, makin ya ninka. Mutum 24 ba su da yawa, kuma ɗakin gwaji ba ofishin gaske ba ne, amma abin ya isa ya sa shugaban ma'aikata ya yi tunani. Kafin ka ce yaranka malalata ne, fayil na kwana a teburinsu, ka fara zuwa ka zauna a inda ka ajiye su na awa biyu.

Ni kaina da nake wannan magana, ɗakin da muryata ke fitowa daga ciki ba shi da taga. An liƙe bangonsa da soso don kada hayaniyar waje ta shigo muku cikin rediyo. In shiri ya yi tsawo, baƙi suka yi yawa, mukan fito kowa da nauyin kai. Don haka ba daga nesa nake hango abin ba.

Sai cututtukan da ke bin numfashi. A watan Maris na 2020, farkon annobar korona, cutar ta ɓarke a wani dogon bene a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, inda ake da ofishin masu amsa kiran wayar abokan ciniki. An gwada mutanen ginin, aka sami 97 da cutar. Daga cikinsu 94 a hawa na goma sha ɗaya suke aiki, cikin ma'aikata 216 na wannan hawa, kuma yawancinsu a ɓangare ɗaya suke zaune. Mutanen sauran hawa, da ake shiga lif ɗaya da su, kusan duk sun tsira. Ba gogayyar minti ɗaya a ƙofa ta kama su ba, zaman wuni ne a cunkushe, kowa yana magana, ana shaƙar iska ɗaya. Korona ta lafa, amma tarin fuka yana nan, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da shi a Afirka. Ta iska yake bi. Abokin aikin da ya yi sati uku yana tari a ɗakin da ba ya samun canjin iska, taimakonsa da taimakon kanku shi ne ku lallaɓa shi ya je a gwada. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ana warkewa.

Manyan benaye masu na'urar sanyi guda da ke raba wa duk ginin iska ta cikin silin, irin na Abuja da Legas, su suna iya shigo da iskar waje in an tsara su daidai kuma ana kula da su. Nasu haɗarin daban ne. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a Filadelfiya, aka watse, sai mutane suka fara kwantawa da mummunan ciwon huhu. Fiye da 200 suka kamu, 34 suka rasu. Sai a farkon 1977 aka gano wata ƙwayar cuta da ba a san ta ba a da, mai hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta, irin na tankin sanyaya na'urar, iska ta kwashi feshinsa zuwa huhun mutane. Duk ginin da ke da irin wannan tanki a kan rufi, wankinsa da zuba masa magani ba abin da za a jira sai an sami rarar kuɗi ba ne.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a ofisoshinmu namu ne na gida, wato janareta. An ɗauke wuta, an ta da inji, aiki ya ci gaba. To ina aka ajiye injin? Ku zagaya kasuwannin zamani da benayen da ake haya ofis-ofis a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi. Za ku gan shi a baranda, a ƙarƙashin matakala, a lungun da ke tsakanin gini da katanga, wani har a cikin koridon da kowa ke bi, an ɗaure shi da sarƙa don gudun ɓarawo. Kowane shago da nasa, salansa tana kallon ƙofar maƙwabci. Ƙaramin inji mai shan fetur yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kuke ji na sauran hayaƙin ne, ita kanta a ɓoye take tafe. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sai ta hau kujerar da oksijin ya kamata ya zauna. Kaɗan daga cikinta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, abin da kowa zai ce zazzaɓi ne ke shirin kama shi. Mai yawa kuwa barci ne da ba a tashi. Sau nawa muka ji labarin iyali guda da aka wayi gari an tarar da su ba rai, inji na ƙugi a tsakar gida ko a kicin? Abin da ya kashe su cikin dare ɗaya, shi ma'aikaci ke kurɓa kaɗan-kaɗan, yana bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya shiga ɗakin da ba shi da hanyar fita. Babban inji mai shan dizal kuma nasa baƙin hayaƙin ne, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar tun 2012 cewa yana jawo ciwon dajin huhu. Shawarar masana ita ce inji ya kasance a fili, nesa da kowace ƙofa da taga da aƙalla mita shida, salansa ta ba gini baya. In mutum biyu ko uku suka fara jiri lokaci ɗaya inji na aiki, kada a tsaya neman magani a durowa. A kashe injin, kowa ya fito waje, wanda ya galabaita a wuce da shi asibiti a gaya wa likita hayaƙi ya shaƙa.

Akwai ƙananan abubuwa kuma da muke yi da hannunmu da niyyar gyara. A fesa fiya-fiya ranar Juma'a da yamma a kulle ofis, Litinin a buɗe a kunna esi a zauna, ba a bar ɗakin ya sha iska ba. Mai shara ta haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid don ya fi fita, ba wanda ya taɓa gaya mata haɗin yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Sabon teburi da kabad na matsattsen katako, da gam ɗin kafet, da sabon fenti, wannan ƙamshin sabunta da muke alfahari da shi, a cikinsa akwai sinadarin fomaldihaid mai sa ido ruwa, wanda shi ma an sa shi cikin jerin masu jawo ciwon daji tun 2004. Injin fotokwafi yana aiki ba hutu a gefen kunnen sakatariya. Silin ya sha yoyon damina ya yi baƙi da hunhuna, mai asma yana zaune a ƙarƙashinsa. In wari ya dame mu kuma sai a kawo turaren wuta ko na fesawa. Ni ma ina son turare, wane ne ba ya so? Amma rufe wari yake yi, ba ya fitar da shi, kuma hayaƙi ne aka ƙara a kan hayaƙi. Taba ba sai na ja ba: dokar hana shan ta a cikin wuraren aiki tana nan a Najeriya tun 2015, ko da mai shan shi ne mai ofishin.

Ku lura da waɗanda abin ya fi faɗa wa. Ofishin mai gida shi ne mai taga biyu, shi kaɗai a ciki. Ɗakin da aka yanka da katako na ƙananan ma'aikata ne. Ɗakin ajiye fayil mai ƙurar shekara ashirin na masinja ne. Bencin da ke kusa da janareta na mai gadi ne da direbobi. Su ne masu ƙaramin albashi, su ne za su sayi magani daga aljihunsu, su ne kuma ba su da bakin yin ƙorafi, don kada a ce sun cika mita a sauya su da wani. Ma'aikacin gwamnati shekara 35 yake yi kafin ya yi ritaya. A lissafa awa takwas, kwana biyar a mako, shekara 35, a ɗaki irin na ƙanwata. Wanda aka ba amanar mutane, amanar ba ta tsaya a biyan albashi ba. Kuma in ba don Allah ba ko don kai, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: tarin da ya fara a ɗakin akawu, da shi za a shigo maka da fayil.

Na san abin da wani yake faɗa yanzu a gaban rediyonsa. Malam, ka ce a buɗe taga, a ina? A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai? Ko da hunturu, da hazo ke tasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ya rufe gari har jirgi ya kasa sauka? Ko a ofishin da ke bakin titi, hayaƙin a-daidaita-sahu na kwararowa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ban ce a kashe esi a zauna cikin gumi ba. Zafi ma cuta ne, ƙurar hunturu ma cuta ce. Abin da nake cewa kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Iskar waje ba kullum take da muni ba, ba kuma kowace sa'a ba. Wanda ya riga kowa zuwa ya buɗe ƙofa da taga, masu kallon juna in da hali, ya kunna fanka na kwata ko rabin awa kafin a ta da esi. In an fita sallar azahar a sake yin haka, ai ɗakin ba kowa. Ranar da hazo ya yi tsanani a taƙaita, a zaɓi tagar da ba ta kallon titi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a bar kaɗe ƙura da tsintsiya. Ragar da ke cikin esi, wadda murfi kawai ake ɗagawa a zaro, ruwa take so duk bayan sati biyu ko uku a lokacin ƙura. Mu kuwa ba ma kiran mai gyara sai ta daina sanyi, shi ma gas kawai za a ce ya cika. Ɗakin da ba taga, 'yar fankar nan mai zuƙe iska waje da ake sawa a bango ba ta kai kuɗin taya ɗaya ta motar ofis ba.

Sauran magana ta masu zanen gini ce da masu ba da kwangila, domin tun ran gini tun ran zane. Magabatanmu ba su da esi, amma sun san ƙasar da suke ciki. Ku shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsakar rana, ku ji yadda kaurin bangon ƙasa da tsayin soro ke riƙe sanyi. Tsofaffin ofisoshin En'e da na lardi ma akwai baranda mai tare rana, rufi can sama, tagogi suna kallon juna. Yanzu kuwa sai a kwaikwayo benen gilashi daga ƙasashen da rana take baƙuwa, a dasa shi a Abuja ko Kano, gilashin ma wanda ba ya buɗuwa. Ranar da wuta da inji suka haɗu suka ƙi, ginin ba ya zaunuwa ko na awa ɗaya. Wannan ba ci gaba ba ne a wurina.

Ta fuskar doka, da sauran aiki a gabanmu. Dokar masana'antu ta 1987 ta yi maganar wadatar iska a wurin aiki, amma don masana'anta aka tsara ta, ba don ofishin akawu ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da cutar da mutum ya samu ta dalilin aiki, sai dai diyya bayan an kamu ake biyan ta. A Japan kuwa, tun 1970 doka ta wajabta wa manyan gine-gine, har da na ofisoshi, a riƙa auna iskarsu duk wata biyu, kuma ma'aunin nan na 1,000 na mutumin Munik shi ne iyaka. Na'urar awon ba ta fi tafin hannu ba. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa lafiyayyen wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na kowane ma'aikaci. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago namu, in an zauna teburin albashi da alawus, a ƙara wannan a takardar: ina janareta yake, ɗaki nawa ne ba taga, yaushe rabon da a wanke esi.

Kada kuma wani ya ji wannan sharhi ya daina zuwa asibiti. Ciwon kai na iya zama hawan jini, kasala na iya zama ciwon suga ko ƙarancin jini. A je a gwada. Amma in ka je, ka gaya wa likita inda kake wuni, da ranakun da ciwon ke ɗaga maka ƙafa. Ka riƙa rubutawa na sati biyu, ka tambayi na kusa da kai. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya cewa raki ne, na mutum biyar a takarda ɗaya sai an duba.

Haka su ƙanwata suka yi. Su biyar ɗin suka sa hannu a takarda, babbarsu a shekaru ta kai wa mai gidan nasu, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muka zo nema ba, so muke ka zo ka ga inda muke zama." Mutumin kirki ne, ya zo. Ya tsaya minti goma ya ce a kira kafinta. Aka rage tsayin katakon da ya raba su da ɓangaren da ke da tagogi, aka fitar da injin fotokwafi zuwa baranda, aka sa fanka mai zuƙe iska a saman ƙofa. Da mai gyara ya zaro ragar esin, ta ce mini sai da ya kankare ta da buroshi kafin a ga asalin launinta. Janaretan da ke bayan bangonsu shi ne har yanzu ba a matsar ba, wai sai an sayi ƙarin waya, kuma sun ce ba za su bar maganar ba. Amma rabonta da maganin ciwon kai an kwana biyu. Da na je gaishe da Inna na ba ta labari, ta ce, "To, ai addu'ar ce Allah ya karɓa." Na ce, "Haka ne, Inna."